Yadda ake raɗa wa hanyar zamiya a kan dusar ƙanƙara sunan mutumin gari

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe duwatsu na tsawon wata huɗu ko biyar a shekara, irin su Suwizalan da Ostiriya da Faransa da Kanada da Amurka, mutane kan ɗaura dogayen allunan zamiya guda biyu a ƙafafunsu, su hau dutse a kujerun da igiyar ƙarfe ke ja, sannan su zamo zuwa gindinsa. Ba ko'ina ake bi ba. Akwai hanyoyi na musamman da aka sare itatuwansu, aka daidaita su, aka kakkafa musu alamu, kuma babban dutse ɗaya yakan ƙunshi irin waɗannan hanyoyi fiye da 100. Kowace da sunanta, kuma kusan kowane suna da dalilinsa: wani na manomin da ya mallaki gangaren ne tun kafin a san wasan, wani na likitan gari ne, wani kuma na gwanin da ya sha ƙasa a daidai wurin. An shirya wannan bayani ne domin wanda aka sa a kwamitin raɗa suna, ko wanda yake son kai shawarar a karrama wani mutumin garinsu da hanya, ya san inda zai fara da abin da zai kiyaye.

A fara da sanin wanda ke da ikon sa suna

A Amurka, da yawa daga cikin manyan wuraren zamiya, har da Vail da ke jihar Colorado, suna kan ƙasar Hukumar Kula da Gandun Daji ta tarayya ne, kamfani ya karɓi izinin gudanar da su. A irin wannan wuri kamfanin ne ke sa wa hanyoyi suna, don haka shi za a rubuta wa. Amma sunan dutsen kansa, ko na rafi, ko na kwari, yana hannun wata hukumar tarayya mai kula da sunayen wurare, wadda bisa ƙa'idar da take bi a yanzu ba ta karɓar sunan mai rai, kuma sai mutum ya yi aƙalla shekara 5 da rasuwa take duba buƙatar. A Faransa kuwa, dokar yankunan duwatsu ta 1985 ta ba ƙananan hukumomi iko a kan na'urorin hawa da mutane, ko da kuwa kamfani aka ba ya gudanar da su, saboda haka wanda ya tsallake magajin gari da majalisarsa ya soma da kuskure. Ƙananan wurare da dama kuma na ƙungiyoyin 'yan wasa ne na gari, inda mambobi ke yanke shawara a taronsu.

Suna kayan aikin ceto ne tun kafin ya zama karramawa

Wannan shi ne abin da masu kawo shawara suka fi mantawa. Idan mutum ya faɗi ya karye a tsakiyar dutse, abin da abokin tafiyarsa zai faɗa wa masu sintirin ceto shi ne sunan hanyar da suke kai, su kuma su sanar da juna ta rediyon oba-oba, cikin iska da sanyi, wani lokaci da bakin baƙon da bai iya harshen ƙasar ba. Don haka kafin a yi maganar cancantar mutum, a ɗauki taswirar dutsen a karanta sunayen da ke cikinta da babbar murya, a ji ko sabon sunan ya yi kama da wani. Idan akwai hanya mai sunan da ya fara da gaɓa iri ɗaya a ɓangaren dutse ɗaya, a nemi wata mafita, domin minti goma da masu ceto za su ɓata a hanyar da ba ita ba yana iya zama bambanci tsakanin rauni da rasa rai.

Shi ya sa sunayen da suka daɗe suka zama gajeru. A Vail akwai hanyar da aka sa wa sunan Charles Minot Dole, wanda ya kafa ƙungiyar masu sintirin ceto ta ƙasa a 1938, amma ba cikakken sunansa aka rubuta a allo ba, laƙabinsa aka ɗauka, aka ce Minnie's Mile. A Val d'Isère ta Faransa an haɗa sunayen gwanaye biyu na garin, Henri Oreiller da ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1948 da Jean-Claude Killy da ya kwashe zinare uku a gasar Olamfik ta Grenoble a 1968, aka ce Oreiller-Killy, amma bakin mutane ya gajarta shi zuwa haruffa biyu, kowa yana cewa OK. Yana da kyau kwamiti ya tambayi kansa tun da wuri yadda jama'a za su gajarta sunan, tun da ko an so ko an ƙi sai sun gajarta, kuma gara a gano tun kafin a buga allo idan gajarcewar za ta ba da ma'anar da iyalin mutumin ba za su ji daɗinta ba. Wajibi ne kuma a ba shugaban masu sintiri kujera a kwamitin, a kuma ba shi ikon cewa a'a.

A saurari sunan da ke bakin mutane

A ganina, sunan da ya fi kowane inganci shi ne wanda kwamiti ya tarar da shi, ba wanda ya ƙirƙira ba. Kafin a zauna zaɓe, a je wurin masu sintiri da masu koyar da wasan da direbobin motocin daidaita ƙanƙara da tsofaffin gari, a tambaye su da me suke kiran wannan gangaren a tsakaninsu. Sau da yawa za a tarar yana da suna tuni, ba a dai rubuta shi ba ne.

Hanyar tseren Lauberhorn da ke garin Wengen a Suwizalan, inda ake gasa tun 1930, kuma wadda tsawonta ya haura kilomita 4, ta isa misali. Kusan kowane lungu nata yana ɗauke da labarin abin da ya faru a wurin. Akwai wani gefe da ake kira Minschkante, saboda a nan ne ɗan tseren Suwizalan Josef Minsch ya yi mummunar faɗuwa a 1965. Akwai kwanar da ake kira ta 'yan Kanada, domin a nan Dave Irwin da Ken Read suka faɗi a 1976, akwai kuma Österreicherloch, wato ramin 'yan Ostiriya, inda gwanayen ƙasar suka zube a 1954, cikinsu har da Toni Sailer. Wata kwana mai siffar harafin S kuma an canza mata suna zuwa Kernen-S domin Bruno Kernen, wanda ya yi hatsari a wurin a 1997, ya kuma dawo ya lashe tseren a 2003. Mai karatu zai iya mamakin yadda ake tuna mutum da wurin da ya faɗi, amma a wajen masu wannan wasa faɗuwa a irin wannan gudu shaida ce ta cewa mutum bai ja da baya ba.

Haka labarin yake a Kitzbühel ta Ostiriya, inda shahararriyar hanyar Streif ta samo sunanta daga makiyayar da ke gefen dutsen, ita kuma makiyayar daga sunan iyalin manoman da suka riƙe ta. A kusa da tafkin Tahoe na jihar California akwai ƙololuwar da ake kira KT-22, wadda asalinta shi ne wata rana a shekarun 1940 da Sandy Poulsen, matar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa wurin zamiyar da ke can, ta ji tsoron tsananin gangaren, ta riƙa ratsa shi a karkace tana tsayawa tana juyawa, mijinta Wayne yana ƙirgawa har sau 22. Haruffan biyu gajarcewar sunan irin wannan juyi ne a Turanci. Babu kwamitin da zai zauna ya ƙago suna irin wannan, kuma babu wanda zai iya goge shi yanzu.

Idan ba a sami sunan mutum a bakin jama'a ba, a duba sana'ar da garin ya tashi da ita, domin ita ma hanya ce ta karrama mutanen da ba a riƙe sunayensu ɗaya bayan ɗaya ba. A dutsen Blackcomb na Kanada, wanda aka buɗe a 1980, an ɗauko sunayen hanyoyi da dama daga kalmomin masu sarar katako da suka yi aiki a dajin, a Aspen ta jihar Colorado kuwa, wadda garin haƙar azurfa ce kafin ta zama garin zamiya, sunayen zamanin haƙar suna nan a taswira.

Wane ne ya cancanta

A nan ne ake samun saɓani, kuma a nan ya kamata kwamiti ya fi daɗewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi lambobin yabo, wanda duk ya ci gasa a ba shi hanya. Sun Valley ta jihar Idaho ta yi haka, kuma ta yi shi da kyau: akwai Gretchen's Gold domin Gretchen Fraser, wadda zinarenta na 1948 shi ne na farko da Amurka ta samu a wannan wasa a gasar Olamfik, akwai kuma Christin's Silver domin Christin Cooper da ta ci azurfa a Sarajevo a 1984. Babu mai jayayya da irin wannan zaɓi, sai dai gwanin da ya ci zinare duniya ta riga ta san shi, jaridu sun rubuta shi, ko ba a ba shi hanya ba sunansa ba zai ɓata ba. Wanda ke buƙatar allon shi ne mutumin da in ba a rubuta shi a dutsen ba, babu inda za a rubuta shi.

A Taos ta jihar New Mexico, wadda Ernie Blake da matarsa Rhoda suka kafa a tsakiyar shekarun 1950, hanyar da baƙo ke fara gani daga gindin dutse ita ce Al's Run, kuma tsananin gangarenta ya sa har allo aka kafa a ƙasa ana kwantar wa baƙi da hankali cewa akwai hanyoyi masu sauƙi a sama. Al ɗin nan ba zakaran gasa ba ne. Al Rosen likitan tiyata ne na garin, wanda ya taimaka wa wurin tun yana jariri, kuma ko da lafiyarsa ta yi rauni bai daina zamiya ba, ya yi shekaru yana hawa dutsen ɗauke da tukunyar iskar shaƙa. A Aspen akwai Ruthie's Run domin Ruth Humphreys Brown, wadda ta tuƙa jiragen soja a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma ba da kuɗinta a ƙarshen shekarun 1940 aka share hanyar. A Vail kuwa, mutumin yankin ne, Earl Eaton, mai yawon neman ma'adinai a duwatsu, ya ja Pete Seibert suka hau dutsen a watan Maris na 1957, ya nuna masa filayen da ke bayansa. An buɗe wurin a 1962, sunan Seibert ya zaga duniya a matsayin wanda ya kafa shi, sannan da aka buɗe sabon ɓangare a 2000, shekara 43 bayan wancan hawan, aka sa wa kwari ɗaya sunan Pete, na kusa da shi kuma sunan Earl. An yi sa'a dukansu biyu suna raye suka gani.

Tambayoyin da suka kamata kwamiti ya yi ba su da wuya. Shin mutumin ya yi wa wannan dutse ko wannan gari aiki, ko kuwa shahararre ne kawai da ya taɓa zuwa hutu? Shin aikin nasa ya ɗauki shekaru, har waɗanda ba danginsa ba za su iya ba da shaida? A kuma ƙirga sunayen da ke taswira a ga ko an cika da maza da masu kuɗi an bar matan da suka koyar da yaran gari da ma'aikatan da suka kwana suna gyaran igiya. Wannan ba yana nufin a rufe ƙofa ga wanda ba ɗan gari ba, in dai akwai igiyar da ta haɗa shi da wurin. Ernie Blake, wanda aka haifa a Jamus, ya sa wa wasu hanyoyi masu wuya na Taos sunayen hafsoshin Jamus da suka ƙulla kawar da Hitler, irin su Stauffenberg da Oster, a Vail kuma hanyar Riva Ridge tana tunawa da tudun Italiya da rundunar tsaunuka ta 10 ta sojan Amurka ta ƙwace a watan Fabrairun 1945, rundunar da Seibert ya yi yaƙi a cikinta har ya ji mummunan rauni. A duka biyun, tarihin wanda ya kafa wurin ne ya zama hujja.

A dace mutum da gangare

Ana rarrabe hanyoyi da launi gwargwadon wuyarsu. A Turai shuɗi na mai sauƙi ne, ja matsakaici, baƙi kuma na gwanaye, wasu ƙasashe kamar Faransa suna ƙara kore domin 'yan koyo, a Amurka da Kanada kuwa ana amfani da koriyar da'ira da shuɗin murabba'i da baƙar alama mai siffar lu'ulu'u, ɗaya ko biyu. Ya kamata launin ya yi daidai da halin wanda ake karramawa. Malamar da ta shafe rayuwarta tana koyar da yara, a ba ta hanyar da yara ke bi, domin in an kai sunanta wani lungu mai haɗari, waɗanda ta koyar ba za su taɓa taka shi ba. A Whistler ta Kanada an sa sunan Dave Murray, ɗan tseren Kanada da cutar dajin fata ta kashe a 1990 yana ɗan shekara 37, a kan hanyar tsere, kuma a kanta aka yi tseren maza na gasar Olamfik ta 2010, tseren mata kuma aka yi shi a Franz's Run, mai sunan Franz Wilhelmsen, mutumin Norwe da ya jagoranci kafa wurin. A Jackson Hole ta jihar Wyoming, wani matsattsen kwazazzabo da sai an yi tsalle ake faɗawa cikinsa yana ɗauke da sunan Barry Corbet, jagoran masu hawa duwatsu da ya hango shi a 1960 ya ce wata rana wani zai zame ta nan. Ba shi ya fara bi ba, wani ma'aikacin sintiri ne mai suna Lonnie Ball a 1967, amma sunan wanda ya fara hango wurin ne ya zauna.

Iyali, mai rai, da maganar kuɗi

Kada a sanar da komai sai an je wurin iyali. A nemi yardarsu, a tambaye su yadda ake rubuta sunan da kuma ko suna son laƙabi ko sunan yanka, idan kuma mutumin a dutsen ya rasu, a tambaye su ko za su iya jure ganin sunansa a kusa da inda abin ya faru. Idan suka ce a dakata, a dakata.

Game da mai rai, ra'ayi ya rabu. Amfanin karrama shi yana raye shi ne ya gani da idonsa, haɗarin kuma shi ne ba a san abin da gobe za ta haifar ba, kuma cire suna ya fi sa shi zafi. Mafitar da ta fi dacewa ita ce a jira mutum ya ajiye aiki, musamman idan yana riƙe da muƙami a kamfanin ko a majalisar gari, don kada a ce shi ya ba kansa. Batun kuɗi kuwa, ƙananan ƙungiyoyi kan yi gwanjon sunan hanya domin su tara abin gyaran na'ura, kuma ba laifi ba ne, amma a rubuta a yarjejeniya shekarun da sunan zai yi, a kuma bar kwamiti da ikon ƙin sunan da bai dace ba. Bai kamata a gwama irin wannan da karramawa a taro ɗaya ba.

Idan tsohon suna za a cire

Sabuwar hanya ba ta da rigima kamar tsohuwa. Amma akwai lokacin da canji ya zama dole. Wurin da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta 1960, a jihar California, ya daɗe ana kiransa Squaw Valley, alhali kalmar farko zagi ce ga matan 'yan asalin ƙasar. Kamfanin ya sanar a 2020 cewa zai bar sunan, ya tuntuɓi al'ummar Washoe waɗanda yankin ƙasar kakanninsu ce, a watan Satumban 2021 ya koma Palisades Tahoe, aka kuma sa wa ɗaya daga cikin na'urorin hawa suna Wa She Shu, wato yadda mutanen Washoe ke kiran kansu. A jihar Vermont ma, wurin da ake kira Suicide Six, sunan da kalmarsa ta farko ke nufin mutum ya kashe kansa, ya koma Saskadena Six a 2022, da kalmar harshen Abenaki mai nufin dutsen da ke tsaye. Darasin aiki a nan shi ne, duk wanda zai ɗauko kalma daga harshen wata al'umma, ya je wurin dattawanta ya nemi izini da ingantaccen rubutu da furuci, kada ya dogara da ƙamus.

A sani cewa tsohon suna ba ya mutuwa a rana ɗaya. Mutanen gari za su ci gaba da faɗinsa shekaru, don haka masu karɓar kiran gaggawa su riƙe sunayen biyu a littafinsu.

Ranar raɗin suna

A yi canjin a lokacin bazara, sa'ad da dutse ke rufe, domin a buɗe sabuwar kaka da allo da taswirar takarda da ta waya da takardun masu ceto duk suna faɗin abu ɗaya. A wuraren da ake kafa alamu masu lamba a gefen hanya, kamar yadda ake yi a Faransa, inda kowace alama ke ɗauke da sunan hanyar kuma lambobin ke raguwa daga sama zuwa ƙasa, sai a canza su duka, kada a bar ko ɗaya. A ranar buɗewa a gayyaci iyali su fara bin hanyar, waɗanda ba su iya zamiya ba a kai su da mota ko kujerar igiya.

A kafa kuma ƙaramin allo a bakin hanyar mai layi uku ko huɗu, ya faɗi ko wane ne mutumin da shekarun da ya rayu da abin da ya yi, domin bayan shekara 30 yawancin masu wucewa ba za su san shi ba. A Steamboat ta Colorado an wuce haka. Buddy Werner, ɗan garin kuma gwanin tsere, ya rasu a zaftarewar ƙanƙara kusa da St. Moritz ta Suwizalan a watan Afrilun 1964, a shekarar da ta biyo baya aka canza sunan dutsen daga Storm Mountain zuwa Mount Werner, aka kuma sa wa wata hanya Buddy's Run. A bakinta akwai mutum-mutuminsa na tagulla, kuma har yau mutanen gari sukan ɗan taɓa shi da sandar zamiya kafin su gangara.